Babbar Riga da Yaji a Tsakiyar Teku

Ni mutum ne mai mantuwa, ban ɓoye wa kowa ba. Na taɓa neman tabarau ina sanye da shi, har na fara zargin yara. Amma akwai wani yammaci a tsakiyar teku wanda ko za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulu, a shanya, a mayar, ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarar ne autarmu ta gama jami'a, ta kuma samu aiki can ƙarshen yammacin Amurka, inda in muna sallar azahar a Upper Marlboro, garin da muke zaune a gabashin ƙasar, su ba su gama karin kumallo ba. Sai yayyenta maza suka haɗa kai suka saya mana tikitin jirgin ruwa na shaƙatawa, ni da matata Hajiya da ita, wai mu yi sallama a tsanake kafin ta tafi. Daga Baltimore jirgin zai tashi. Na ce jirgi ne don ban san wani suna ba, amma gaskiya unguwa ce sukutum aka ɗauko aka ɗora a kan ruwa. Da za a sa masa kasuwar dabbobi da makabarta, da ya isa a naɗa masa hakimi.

Rigimar tun a gida ta soma. Auta na duba tsarin tafiyar a wayarta, sai ta ce akwai yammacin da ake liyafa ta musamman, kowa sai ya ci ado kafin ya shiga ɗakin cin abinci, maza kwat da igiyar wuya, mata dogayen riguna. Ita kamar sauran yaranmu na nan take, kana yi mata Hausa tana mayar maka da Turanci.

Na ce, “To ai shi ke nan. Ga shaddata makuba tana nan a naɗe, ba ta taɓa ganin rana ba.”

Ta ce, “Baba, don Allah ka sa kwat. Sau ɗaya dai.”

“Auta, sun ce a yi ado ne ko sun ce a shaƙe wuya?”

Ba ta yi dariya ba, kuma yarinyar nan ko tari na yi dariya take. Don kada a ce ban gwada ba, na je Wheaton wurin wani abokina ɗan Kumasi mai shagon kayan abincin gida. Shi ya taɓa irin wannan tafiya, kuma tun daga lokacin bai bar kowa ya huta da labarinta ba. Ya ɗauko min kwat ɗinsa baƙa daga mota, ya ce ita ya sa har kyaftin ya miƙa masa hannu. Na zura hannu ɗaya lafiya. Na biyun sai da shi da wani mai sayen doya suka taru a kaina. Da aka ja maɓalli ya haɗu da ɗan'uwansa, na duba gilashin firji, na ga buhun masara an ɗaure shi a tsakiya.

Ya ce, “Alhaji, ta zauna maka. Kada dai ka yi numfashi da yawa.”

Na ce, “In na ci abinci fa?”

“Wa ya ce maka ana zuwa liyafa don a ci abinci?”

A nan na tuɓe masa kayarsa, na yi godiya. Da na dawo na shaida wa Auta cewa babbar riga zan sa, sai ta ce, “To,” ta haye sama. Wannan “to” ɗin ta fi zagi ciwo. Na yi ta barkwancina kamar kullum, amma a raina wani abu ya tsaya. Na ce wato yarinyar nan kunyar a gan ta da ni take ji. Ga shi kuma za ta tafi nesa. In da wannan tunanin muka rabu, wa ya san yadda za ta riƙa ba da labarin ubanta a can, ko ma ta ba da shi?

Abin da ban sani ba shi ne, Hajiya ma tana da nata shirin. Ita ko ruwan shayi ba ta yarda da shi sai ta ga alamar yaji a kusa. Matan unguwa kuma sun tsorata ta cewa a bakin jirgi ana ƙwace duk abincin da aka haɗa a gida. Sai ta ƙulla yajinta na tafarnuwa a leda, ƙulli kamar kan jariri, ta nemi maɓoya. Duk wanda ya san babbar riga ya san aljihun nan na ƙirji da ke bayan aiki, wanda ɗan akuya zai kwana a ciki ba a sani ba. Nan ta cusa shi, ta mayar da rigar yadda take a naɗe. Ni kuma da akwati ya ƙi rufuwa, na hau kansa na zauna da duk nauyin da Allah Ya ba ni, har na ji wani abu ya yi fus. Na ɗauka iska ce ta fita.

Da jirgi ya shiga teku sosai, jiri ya kwantar da Hajiya. Burodi da ruwan zafi kawai take iya ci da sha, ta manta da yaji, ta kusa manta sunana. Ni kuma sanyin na'urar ɗaki ya toshe min hanci. Saboda haka ranar liyafa da na warware shaddata, na zuba mata turare kamar mai ban ruwan lambu, ban ji komai ba. Launin rigar kuma ya ɓoye garin da ya bi duk wani lungu na ninkinta.

Kai, na fito. Shadda tana ƙara tana ɗaukar ido, hula ta zauna, takalmi yana ƙyalli. Hajiya ta samu sauƙi, ta sa leshinta ruwan zuma, ta kafa ɗauri. Auta ta sa doguwar riga baƙa da ɗan mayafi. Tun daga lifta ake kallona. Wata mata ta tambaya ko ni sarki ne, na ce a'a, amma ina kan hanya. Wani ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto ba ko sallama. Wata kuma ta kai hannu ta shafa aikin wuyan. Ni daɗi nake ji, Auta kuwa fuskarta a haɗe, idonta a ƙasa.

An zaunar da mu teburi ɗaya da wasu tsofaffi biyu, mata da miji, 'yan asalin Koriya da ke zaune a Annandale. Muka gaisa, ashe maƙwabta ne, sai a teku muka haɗu. Tebur ya sha farin ƙyalle, cokula a jere kamar za a yi wa mutum tiyata, can gefe wani yana kaɗa goge irin nasu a hankali. Aka kawo gasasshen kifi.

To, mai babbar riga ba ya cin abinci hannun riga na reto a miya. Sai ka tattara shi ka wurga kafaɗa, kuma wurgin nan shi ne rabin adon. Na miƙe zaune, na tattaro na dama, na cilla shi sama da irin salon da na koya wurin kawuna. Na tattaro na hagu, na ƙara masa ƙarfi, na kuma buga ƙirji don aiki ya kwanta.

Wani jan hayaƙi ya tashi.

Ni na fara atishawa. Na ce Alhamdulillahi, Hajiya ta buɗe baki za ta amsa min, tata ta ƙwace. Tsohon nan ya yi wata wadda ta ɗaga masa tabarau zuwa goshi. Matarsa ta bi. Daga nan abin ya tsallaka teburin baya, ya bi layi kamar ana karɓa-karɓa, har ya iske mai goge, ya ja wata ƙara kamar an taka wutsiyar mage. Duk atishawar da na yi rigar sai ta girgiza, in ta girgiza sai ta ƙara sakin wani. Ban taɓa yin hamdala da yawa a zama ɗaya kamar ranar ba. Har yau ina da yaƙinin jirgin ya ɗan karkata, ko da yake Hajiya ta ce ƙarya nake.

Dariyar ba ta daɗe ba. Shugaban masu hidimar ɗakin ya iso da wani jami'in tsaro, suka tsaya suna kallon jan garin da ya bazu a kan farin ƙyalle. A ƙasar nan garin da ba a san asalinsa ba, a jikin baƙo mai manyan kaya, ba abin wasa ba ne. Jami'in ya tambaye ni cikin ladabi mene ne wannan, kuma daga ina ya fito. Ni ban sani ba. Turancin nawa ma ya bi atishawa ya fice. Sai na ji Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa, “Innalillahi. Alhaji, yajina ne.”

Auta ta ture kujerarta ta miƙe. Na ce a raina shi ke nan, tafiya za ta yi, kuma wa zai ga laifinta? Ta roƙe ni abu ɗaya na ƙi, ga shi na tara mata jama'ar jirgi guda. Na sunkuyar da kai don kada in ga fitarta.

Sai na ji hannu a ƙirjina. Ta zagayo ne ta tsaya tsakanina da jami'in, ta zura hannu cikin aljihun har gwiwar hannu, ta zaro fasasshiyar leda. Ta juya wurin uwarta, da Hausa, a gaban kowa.

“Mama, akwai ƙuli a ciki?”

“Babu, na tafarnuwa ne. Barkono, citta, masoro, sai ɗan gishiri.”

“Kin tabbata? Akwai waɗanda gyaɗa ke kai su asibiti.”

“Ni na daka abina, Auta.”

Ta koma Turanci, ta yi wa mutanen bayani dalla-dalla: kayan ɗanɗano ne na gidanmu, ga abin da ke ciki, babu gyaɗa, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ta ce mahaifiyarta ce ta ɓoye shi don ba ta yarda da girkin kowa ba, mahaifinta kuma bai san yana ɗauke da shi ba. Sannan ta dangwala yatsa ta lasa, ta barbaɗa a kan kifinta, ta yanka ta ci tana kallon jami'in. Tsohon nan na Annandale, hawaye na zuba, ya turo farantinsa. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce tun da ya hau jirgin nan sai yau ya ci abinci. Jami'in ya yi murmushi, ya ce a dai rufe ledar. Aka sauya mana ƙyallen tebur, ni kuma aka roƙe ni in bar hannun rigata inda yake.

Bayan an tashi muka fita inda ake shan iska, don in kakkaɓe sauran can nesa da bayin Allah. Hajiya ta tsaya gefe, wai ita ba ta san mu ba. Auta na buga min baya, gari na bin iska, sai dariya ta kama ta har ta durƙusa.

Na ce, “Da kin tafi ma ba zan yi fushi ba. Na san kunya na ba ki.”

Ta ɗago. “Kunya? Baba, wa ya ce maka kunyarka nake ji?”

“To kwat ɗin fa?”

Ta ce, rabi Hausa rabi Turanci, “Ba ka ganin yadda suke yi ne? Su ɗauke ka hoto ba su tambaya ba, su taɓa maka riga kamar kayan kanti. Tun ina ƙarama abin nan ke ƙona min rai. Kai kana dariya, ni ina jin kamar in fasa wayar. Na so ne ranar nan ɗaya a bar min kai ka ci abinci lafiya.”

Shekara da shekaru ina fassara haɗe fuskar yarinyar nan da gudun ubanta, ashe gadina take yi. Na ce, “Auta, ni kallo ba ya rage ni. Amma daga yau duk wanda ya ɗaga waya, ke zan turo masa.”

Ta ce, “Ka dai fara turo min aljihunka in duba.”

Ta tafi aikinta a ƙarshen watan, muka rabu zuciyata wasai. Yanzu in wani cikin mutanenmu zai yi irin wannan tafiya ya tambaye ni abin da ake sawa a daren liyafa, nakan ce ya sa abin da zai iya numfashi a ciki, kwat ko babbar riga, duk ana karɓa in dai da tsabta da kamala, ya dai lalube aljihu kafin ya fita ɗaki. Amma babban abin da yammacin nan ya koya min ba na tufafi ba ne. Yaran nan da muka haifa a nan suna ɗauke da abubuwa a kanmu da ba su iya faɗa da harshenmu ba, mu kuma sai mu yanke musu hukunci daga fuska. In ɗanka ya yi shiru, kada ka cika masa shirun da zarginka. Ka zaunar da shi ka tambaya, tun kafin sai jirgi guda ya yi atishawa.