Wasiƙar da Na Karanta wa Baba

Ranar wata Laraba ce cikin watan Nuwamba, shekara uku bayan samun 'yancin kai, na dawo daga gonar auduga da la'asar, buhu a ka, yatsuna duk sun tsattsage, na tarar da keken malamin majami'armu jingine a jikin rumbu. Ina ganin keken na san wasiƙa ta zo, domin shi ne yake zuwa gidan waya na Malumfashi ya kwaso wa mutanen ƙauyenmu takardunsu. Ya sha ruwa ya tafi. Baba ya zauna kan buzunsa a gindin tsamiyar tsakar gida, ya juya ambulan ɗin gaba da baya, sannan ya ɗago ya ce, "Asabe, wanke hannu ki zo. Yayarki ce." Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ina aji huɗu, kuma ni kaɗai ce mai karatu da ta rage a gidan.

Yaya Saratu ita ce 'yar fari a gidanmu, ta girme ni da shekara biyar. A farkon wannan shekarar ta ci jarrabawa aka ɗauke ta kwalejin horon malamai mata, tafiyar yini guda a babbar mota daga Funtua. Baba manomi ne, ya shiga addinin Kirista da girmansa, bai iya karatu ba, kuma bai bar al'adar iyayensa ba ko ɗaya. Kunyar 'yar fari a wurinsa ba abin wasa ba ce. Ban taɓa jin ya ambaci sunan Yaya ba, ban taɓa ganin ya zauna hira da ita ba. Inna ma haka. Ranar tafiyarta shi ya ɗauki akwatin ƙarfenta a ka har tasha, ni na riƙe bokiti da fartanyar da makarantar ta ce kowace yarinya ta zo da su. Da mota za ta tashi, Yaya tana tsaye kusa da shi, amma ni ya duba ya ce, "Ce wa yayarki ta riƙe mutuncinta." Tun daga ranar duk maganar da ke tsakaninsu ta bakina take bi. Malamin majami'a zai iya karanta masa, amma Baba ba ya son zancen gidansa ya fita waje.

Sai da ta tafi na san yawan aikin da take yi. Bayan Inna ya lalace tun haihuwar autanmu, ba ta iya ɗaukar tulu, ba ta iya daɗewa a kan turmi. Da sassafe in tafi tafki sau uku, in dawo in share tsakar gida, in kai awaki turke, sannan in ruga makaranta da ragowar tuwon jiya a ƙullin ganye. Sau da yawa sai na tarar an riga an shiga aji, a tsayar da ni a rana. Da an tashi, 'yan ajinmu su tsaya yin gaɗa da 'yar carafke a bakin rijiyar makaranta, ni kuwa ga surfe yana jirana, ga ice, ga goyon auta. Da damina na yi noma, da kaka na cire gyaɗa, na ɗauki dawa, auduga ta buɗe aka ce ranar Laraba da Alhamis ba makaranta. Ban tuna wata rana a shekarar nan da na kwanta ba tare da kafaɗuna suna zafi ba.

A cikin wannan gajiyar wasiƙun Yaya suke zuwa, da rubutunta mai kyau kamar an jera ƙwayar wake. Ta gaya mana makarantar ta faro ne da ɗakunan ƙasa guda uku da 'yan mata kaɗan da aka roƙo daga iyayensu, kafin a gina dogayen ɗakunan kwana masu rufin kwano. Ta ce ƙararrawarsu guntun ƙarfen layin dogo ne rataye a reshen dalbejiya, shi ke tashinsu, shi ke kiransu aji da ɗakin cin abinci. Ranar Asabar uwar ɗakin kwana tana duba farce da kitso da shimfiɗar gado, wadda zanin gadonta bai miƙe ba sai ta yi noma bayan kicin. Ana koya musu ɗinki da lissafi da yadda ake tsayawa gaban allo ba tare da an juya wa yara baya ba. Da yamma suna jefa ƙwallo cikin zobe, ranar Lahadi suna waƙa murya huɗu. Kowace tana da 'yar kunyarta a lambun makaranta, ita ta shuka irin yakuwar da Inna ta ƙulle mata a bakin zane, har 'yan kudu da ke ɗakinsu sun koyi shan miyarta. Ruwa kuwa daga famfo yake fitowa, murɗawa kawai ake yi. Duk lokacin da na kai wurin famfon nan sai in ji wuyana ya ƙara sagewa. Baba ya ce in sake karanto masa wurin, ya kaɗa kai yana murmushi. Amma na san akwai tsoro a ƙasan murmushin. Ɗan wansa ya tafi makaranta birni bai sake taka ƙauye ba, kuma Baba yakan ce, "Boko yana karɓar yaro da hannu biyu, ban ga ranar da ya mayar ba."

Tun da Yaya ta ambaci cewa akwai ranar da iyaye ke zuwa ziyara, Baba ya sayar da gyaɗa, ya je Funtua aka ɗinka masa farar riga mai aiki a wuya. Mutumin da ya saba da 'yar shara da warki. Ya ajiye ta cikin tukunyar kaya yana jiran a faɗi rana.

To, wasiƙar ranar Larabar nan ita ce ta faɗi ranar. Har yau ina iya ganin layin a idona. Ta rubuta: Baba ya zo Asabar ta ƙarshen wata, zan jira shi a bakin ƙofa tun da safe, zan nuna masa lambuna da gadona da allon da nake koyon rubutu a kai. Na kai wurin, na tsaya. Hannuna da na wanke yana ta zugi, ga turmi can cike da dawar da ban surfa ba, ga tuluna duk a bushe. Ba wanda ya sa ni, ba kuma ruɗewa na yi ba. Na ɗora idona a kan takardar kamar mai karatu, na ce, "Ta ce kada ka zo ranar ziyara. Iyayen sauran 'yan mata ma'aikata ne, idan suka ga tsagen fuskarka za su yi mata dariya. Ta ce in ta gama ma ba za ta iya zaman ƙauye ba, ta daina shan ruwan tafki." Na san inda ciwonsa yake, can na taɓa. So nake ta dawo ta ɗauki tulunta.

Baba bai ce in maimaita ba. Ya tashi ya ɗauki gatari ya fita. Inna da ke bakin murhu ta ci gaba da juya miya kamar ba ta ji ba. Da na zo hura wutar tuwo, na cusa wasiƙar ƙarƙashin karan dawa, na tsaya har ta cinye. Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo ta wuce muna gonar auduga. Daga baya na ji cewa Yaya ta tsaya a bakin ƙofar makaranta da farin kayanta har aka buga ƙarfen abincin yamma.

Ta dawo hutun Kirsimeti da tsarabar sabulu da wata 'yar riga da ta ɗinka mini da hannunta. Kwana biyu da zuwanta Baba ya kira ni, tana zaune nan kusa tana tsince wake, ya ce, "Ce wa yayarki ba za ta koma makaranta ba. Ruwan tafkin da ya raine ta ba zai kashe ta ba." Yaya ta ajiye faifan. Karo na farko a rayuwata na ji ta yi masa magana kai tsaye. "Baba, me na yi?" Bai dube ta ba, ya maimaita abin da na karanta masa, kalma bayan kalma, ashe ya haddace. Ta ce ba ta rubuta haka ba, a kawo takardar. Aka dube ni. Na ce na hura wuta da ita, ban san za a nema ba. Baba ya ce, "Asabe, haka ta rubuta ko ba haka ba?" Da na faɗi gaskiya a nan, duka ne kawai zan sha, in warke kafin sabuwar shekara. Na ce, "Haka ta rubuta." A ganinsa ƙaramar yarinya ba ta da wayon ƙaga irin wannan magana. Inna tana jin komai, amma uwa ba ta tsaya wa 'yar fari a gaban mutane. Da uba ne da zai iya zama da 'yarsa su yi magana minti goma, da ƙaryata ba ta kwana ba. Al'adar da ta hana shi ita na fake a bayanta.

Washegari da sassafe na ji motsin tulu. Yaya ce. Na samu abin da nake so: kafaɗuna suka huta, na riƙa tsayawa gaɗa a bakin rijiya. Malamin majami'a ya zo sau biyu yana roƙon Baba, makarantar ma ta aiko da takarda, wannan karon na karanta daidai, amma ya riga ya rufe zancen. Ni ɗin ma ban yi nisa ba, a aji shida na tsaya. Yaya ta koyar da yara karatu ranar Lahadi a ƙarƙashin bishiya shekara da shekaru, ba albashi, ba takardar shaida. Ta auri wani mai aiki a injin gurzar auduga na Funtua, ta haifi bakwai, ta yi sana'ar ƙosai har idonta ya gaji da hayaƙi. Ba ta taɓa ƙin gaishe ni ba. Ita ta yi mini wankan jego na fari. Ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba, ni ma na bar shi, ina ce wa kaina gobe. Baba ya rasu yana ganin 'yarsa ta ji kunyar fuskarsa. Da aka buɗe tukunyar kayansa aka sami farar rigar nan, karin ninkinta bai ɓaci ba. Da ita aka binne shi.

Makarantar ba ta tsaya jiran kowa ba. Na ji an fara ɗaukar maza, na ji an ɗaga darajarta, daga baya aka ce ta zama jami'a. Bara jikata Rifkatu ta sami shiga can, ta nace sai na raka ta. Kafin mu tafi na biya ta Funtua na ce wa Yaya ta zo mu je. Ta shafa gwiwarta ta ce, "Ƙafar nan ba inda za ta. Ki dai duba mini ko ƙarfen yana nan." Na je na ga ƙofa mai faɗi, motoci da babura suna shiga suna fita, samari da 'yan mata kowa da waya a kunne. Biyu daga cikin dogayen ɗakunan kwanan ne suka rage, an mai da su ofis. Inda nake zaton lambun yake an kafa wani dogon bene. Na tambayi yara uku labarin 'yan matan farko, ba wanda ya san ma an taɓa yin makarantar mata a wurin. Wani tsohon mai gadi ne ya kai ni bayan ofisoshin. Dalbejiyar tana nan, ƙarfen yana rataye, ya yi tsatsa, reshen ya haɗiye rabin sarƙarsa. Na koma bakin ƙofa na tsaya ina tunanin ko a wane gefe ta tsaya ranar Asabar ɗin nan, har Rifkatu ta zo ta ja hannuna.

Da na dawo na tarar da Yaya a kan tabarma a inuwar ɗakinta. Ta gyara zama, ta dube ni da idanunta da suka fara fari, ta ce, "To, Asabe, karanto mini abin da kika gani. Kada ki ƙara, kada ki rage." Shekara sittin ke nan, wannan ne kaɗai abin da ta taɓa faɗa a kan zancen. Na gaya mata na ƙarfen da na benen. Sannan na karanto mata wasiƙarta da ka, yadda ta rubuta ta, tun daga gaisuwa har zuwa inda ta ce za ta jira shi a bakin ƙofa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ashe kin iya karatu." Can ta ƙara da cewa, "Ni na daɗe da hucewa. Shi ne dai bai ji ba."

Yanzu Rifkatu takan bugo waya daga ɗakin kwanansu, ta yi ta zuba wa ubanta labari, shi ma yana kiran sunanta yana dariya, ko da yake ita ce 'yar farinsa. Ba mai tsayawa a tsakaninsu da takarda a hannu. Nakan zauna gefe in saurara, in tuna tsamiyar gidanmu da buzun Baba da yadda yake karkato kunne ya yarda da duk abin da ya fito daga bakina. Gajiyar shekara guda na so in sauke ranar, ga shi har yau ina ɗauke da ita.