Ramin Ruwa a Kan Hasumiyar Montparnasse

Bron, a gefen birnin Lyon, Asabar, biyar da rabi na asuba

Mun yi sallah, na kulle ɗaki, muka fita ni da Baba. Ya zo daga Zinder ne don bikin kammala karatuna na zanen gine-gine, kuma kwanansa tara a Faransa bai yaba wa gini ko ɗaya ba. Magini ne, shekara arba'in yana kan katanga. Rigimarmu a kan benen da za a ɗora wa gidanmu ne. Na zana shi da rufin siminti, ruwan sama ya bi tiyo ta cikin bango ya sauka ƙasa. Baba ya duba takardar sau ɗaya ya ce, "Ina indararo?" Na ce babu. Ya ce to yana komawa zai ba wani tsohon yaronsa aikin. Abin ya ci mini rai ƙwarai, shekara biyar ina karatu a ce zanena na farko ya mutu a gidan ubana.

Saboda haka na shirya masa tarko. Na ce za mu Paris gaida Hajiya Mariya, ƙawar mahaifiyata. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi sauran ba.

Lyon, shida da kwata

Taram biyu muka hau, ƙananan jiragen da ke bin titin gari, kafin gar ɗin Part-Dieu, tashar jirgin ƙasa. A bakin gar Baba ya ɗaga kai ya ga dogon benen nan da 'yan gari ke kira Fensir, mai tsini a ka.

"Wannan mai hankali ya gina shi," in ji shi. "Kin ga ya sa masa hula. Ruwa zai zame."

"Baba, shi ma ba indararo."

"Uwata, ba ki zagaya bayansa ba."

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, musamman in zai ƙi maganata. Jirgin ƙasa ya tashi bakwai saura 'yan mintuna. Tafiyar awa biyu ce, ya yi ta duba rufin gidajen ƙauye ta taga yana gyaɗa kai, don duk a karkace suke.

Belleville, goma na safe

Da muka sauka Paris muka hau metro biyu, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito a unguwar Belleville. Hajiya ta sauke mu da shinkafa da miyar kuɓewa da shayi mai zafi. Gaisuwa kaɗai ta ci minti ashirin, sai da aka tambayi lafiyar kowa har waɗanda suka rasu aka yi musu addu'a. A kicin na raɗa mata shirina na kai Baba kan dogon benen da ba shi da indararo, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta fito ta ce, "Alhaji, ka zo Paris ba ka hau Montparnasse ba? Me za ka faɗa wa mutane a majalisa?" Nan ta gama da shi.

Montparnasse, biyu da minti goma

Benen dogo ne baƙi, gilashi daga sama har ƙasa, tsayinsa ya wuce mita ɗari biyu, tsaye shi kaɗai cikin gajerun gidaje kamar baƙon da ya zo biki da kayan makoki. Mutanen Paris na cewa daga kansa ne garin ya fi kyau, don daga nan ne kawai ba ka ganinsa.

Baba ya ce sai ya zagaya shi tukuna. Muka zagaya sau biyu, wuyansa a sama, hannu ɗaya dafe da hula. Ya ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya kara kunne.

Tike ya kusa yuro ashirin kowane mutum. Ban faɗa masa ba, na san hali. Asansar, na'urar hawa bene, ta kai mu hawa na hamsin da shida kafin ya ƙare addu'ar hawa abin hawa, sannan muka taka matakala zuwa rufi.

Paris gaba ɗaya ga ta a shimfiɗe: hasumiyar Eiffel, kogi, ƙubbar zinariya. Jama'a na ta ɗaukar hoto ta bayan gilashi. Baba kuwa ƙasa yake kallo. Ya auna rufin da taku, ya tsuguna, ya zaro gorar ruwa daga aljihun babbar riga, ya tsiyaye ta a ƙasa. Haka yake gwada kowane rufi a Zinder kafin ya sallami ma'aikata. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai ƙasar na da nisa.

Wani mai gadi ya taho da sauri. Da ya ga hular Baba sai ya sassauta, ya ce da Hausar mutanen garin Garwa, "Alhaji, lafiya? Alwala ce?"

"Aiki nike, ɗana. Tsaya ka gani."

Mu uku muka bi ruwan nan da ido. Ya yi ɗan jinkiri, ya lanƙwasa, ya gangara wani rami mai murfin ƙarfe, ya ɓace.

"Ina ya tafi?"

"Cikin tiyo, Alhaji, ta cikin bango har ƙasa."

"In ya toshe fa?"

"Akwai ƙofar da ake buɗewa a share."

Baba ya miƙo mini wayarsa ya ce in ɗauki ramin. Hoton da ya kawo daga Paris ke nan, Eiffel ko ƙafarta ba ta fito ba.

Komawa, bakwai na yamma

A jirgi, har muka wuce rabin hanya Baba yana ta kallon hoton ramin, na fara cewa a raina kuɗin tike ya bi ruwa. Can sai ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda a ninke. Zanena ne, wanda na ɗauka ya bari a kan tebur tun ranar da ya ƙi shi. Gefensa duk alamun fensir. Ya shimfiɗa shi a gwiwa, ya ɗora yatsa kan rufin.

"Gangaren naki bai isa ba, Uwata. Ƙara yatsa biyu. Kuma ki sa ƙofar sharewa, in ba haka ba ni za a zaga."

Na juya fuska wajen taga don kada ya ga idona.

Goma saura kwata muka shiga Bron lafiya, alhamdu lillahi. Godiya ga Hajiya da ta taya ni makirci, da mai gadin da ban tambayi sunansa ba. Baba ya kira 'yan majalisa a waya tun bai cire takalmi ba, na ji yana ce musu ya je Paris ya duba wa mutanen can rufi, kuma ba laifi, yaran sun iya aiki.