Kwabo Mai Huda da Rasit ɗin Darakta

Har gobe ban manta da ranar da bakina ya kusa raba ni da aikina ba. Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗi na yawo a Abuja, ni kuwa watana uku a kantin Alhaji Isuhu Bakatsine a Garki. Muna sayar da zinariya, ta ado da ta dunƙule wadda masu hali ke ajiyewa, sai tsofaffin kuɗin zamanin Turawa: sule, sisi, kwabo mai huda. Aikina rubuta rasit. Duk abin da aka saya in ɗora masa harajin VAT, kashi biyar cikin ɗari, ƙarshen wata a kai wa gwamnati.

Ran nan wani darakta a ma'aikatar tarayya ya zo, babban mai sayen kayan Alhaji. Ya ɗauki dunƙulen zinariya, ya biya harajinsa ba gardama. Amma da ya ga na ɗora haraji a kan kwabbai ashirin da ya zaɓa, sai ya ɗaure fuska.

"Yarinya, wannan ai kuɗi ne. Canji na yi. Wa ke biyan haraji a kan canji?"

Ni ban iya tauna magana ba. Na ce, "Yallaɓai, ku kuka rubuta dokar a ofis, ku ne kuma ba ku san ta ba?"

Darakta ya ture zinariyar, ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Har na hango kaina ina hawan tudun Mpape zuwa gida ba aiki.

Alhaji ya taso a natse. Bai dube ni ba. Ya kira matar da ke sayar da lemo a bakin ƙofa, ya ce ta ba baƙonsa ruwan sanyi, ya zuba mata kwabban nan duka a hannu.

Ta juya su, ta leƙa hudar. "Oga, wannan na menene? Kai wa kafinta ya buga kwano da shi. Ba ni naira."

Darakta ya tuntsire da dariya.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, da ta karɓa, da na soke harajin da hannuna. Abin da ba ya sayen ruwa ya tashi daga kuɗi, ya zama haja."

Mutumin ya biya, ya ƙara sule biyar a kai.

Da ya fita, Alhaji ya miƙo mini littafin rasit. "Gaskiya kika faɗa, 'yata, amma marinsa kika yi da ita. Zauna ki ci gaba."

Ku sababbin shiga aikin kanti, doka ba wuyar haddacewa. Ni na san ta tun makon farko. Abin da Alhaji ya koya mini shi ne yadda ake karɓar haraji a hannun babban mutum, ya fita yana dariya, gobe ya dawo.