Hular Baffa a Akurki

Jiya a kasuwar Maradun na ga wani mai gadi da jar hular soja, sai Baffa ya faɗo mini a rai, yayan mahaifina, tsohon soja mai tabon harsashi a cinya.

Da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarsa, ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji ta roƙi gwamnati filin noma. Taimakon da ya iso shi ne sababbin huluna masu warin kanti, don su yi fareti su sara wa manyan baƙi.

Ni kuwa aikin lebura nake nema a dam ɗin, sai na lallaɓa shi: "Baffa, ka sa ka tafi, ko a lura da mu." Cikina nake yi wa, ba gonarsa ba.

Ya kai hular akurki, ya shimfiɗa wa kazarsa mai kwanci.

"Ga wadda gwamnati ta tuna da ita," in ji shi. "Ta tafi ta sara musu."

Har ya rasu gonar aro yake nomawa. Kazar dai ta ƙyanƙyashe.

Allah ya yafe mini, ya ba Baffa makwancin da ruwa ba ya ci.