Turancin Kaka

Shekarar da aka gama yaƙin Bama, tsakar gidanmu na Madarunfa ya zama makaranta, ɗalibar kuwa tsohuwa ce da haƙoranta suka kusa ƙarewa. Kakata ce, uwar babana. Babana ya tsallaka ƙasar Ingilishi ne don gudun aikin dole, can aka ɗauke shi soja, shi da abokinsa Tanko. Tanko ya dawo da ƙafa guda a shanye. Babana bai dawo ba, kuma ba wanda ya san inda yake, don tun ranar da aka kai Tanko asibiti suka rabu.

Da sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i sai mu hura wutar karan dawa, mu kewaye ta muna ɓarar gyaɗa. Tanko kan zo da sandarsa ya zauna kan turmi. Kaka ta yi masa tuwo, shi kuma ya koya mata Turanci. Ya ji labarin Baturen da ya shugabanci rundunarsu yana Katsina yana sallamar sojoji, Kaka kuwa ta rantse ba za ta yarda tafinta ya shiga tsakaninsu ba.

"Tahinta bakinshi biyu ne," in ji ta. "Ni da kaina za ni tambayi Annasaran nan."

Da gaisuwa suka fara. Tanko ya ce "gud monin sa", Kaka ta maimaita, ya fito kamar tana tauna ɗanyen wake, mu kuma mu faɗi ƙasa da dariya. Ba ta taɓa yin fushi ba. Sai ta ɗaga muciya ta ce, "Ku yi ta yi, 'yan banza, ku da haƙoranku mi kunka iya?" Ya koya mata roƙon ruwa, da godiya, da yadda za ta ce daga nesa ta fito. Sai babbar jimla, wadda saboda ita ake duk wannan wahala: "Weya is mai son?" Ina ɗana?

In Tanko ya gaji sai ta biya mu da tatsuniya. Ta ce, "Ga ta nan tafe," mu ce, "Ta iso mu tarbe ta." A sanyin nan kusan kullum guda ɗaya take yi mana. Wai wata mata ce ɗanta ya je kamun kifi a tafki, mutanen ruwa suka riƙe shi. Duk lokacin da ta je bakin ruwa tana kuka, kada ne ke kai saƙonta wurin Sarkin Ruwa, ya je ya faɗi abin da ya ga dama. Da ta gaji sai ta roƙi kwaɗo ya koya mata maganar ruwa. Ta yi ta ƙugi irin nasa har mutanen gari suka ce ta haukace. Ran da ta iya, ta nutsa, ta durƙusa gaban Sarki, ta tambaya da bakinta. Sarki ya yi mamaki, ya sa aka fito mata da ɗanta, har da goron sallama. Nan Kaka kan tura kara cikin wuta ta ce, "Kun ji, da bakinta ta tambaya."

Sauran matsala guda. Babana ɗan fari ne, Kaka ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a mafarki ban yi zaton ta yi ba. Tanko ya ce, "Inna, sai hwa kin hwaɗi sunanshi." Ta ce ko kusa. Shi ya sa ta tafi da ni, ina 'yar ƙarama, aikina in faɗi sunan.

Muka bi fatake ta Ɗan Issa har Katsina, tana ta bitar Turancinta a kan jaki. Muka yini a rana kafin aka bar mu mu matsa. Baturen saurayi ne ja wur. Kaka ta gaishe shi, ta yi tambayarta tsaf ba gargada, ni kuma na ce, "Mamman na Madarunfa." Ya dube mu ya daɗe. Sai ya cire hularsa, ya yi magana mai tsawo a hankali. Tafinta ya matso, Kaka ta ɗaga masa hannu ta hana shi fassarawa. A lokacin ne na ga fuskarta ta canza. Tanko ya koya mata tambaya, amma ba wanda ya tuna cewa amsar ma da Turanci za ta zo.

Kan Kaka kan mai tatsuniya ne, ta kama guntun ƙarshe ta riƙe. Duk hanya tana sa ni in maimaita don kada ya ɓace mana: "Sori mama, yuwa son is ded." Da muka kawo wa Tanko, ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da sandarsa. Can ya ce, "Inna, cewa ya yi ɗanki na bisa hanya."

Murna ta sa mu yara muka mai da maganar waƙa. Muna tafi muna rera ta a dandali, har 'yan matan unguwa suka ɗauka. Tanko ya daina zuwa gidanmu. Kaka ta ci gaba da ajiye masa tuwo a akushi, amma tatsuniyar nan ta canza: matar takan nutsa, ta yi tambayarta, sai Kaka ta ce barci take ji. Haka har ta rasu.

Bayan shekaru, ina aure a Jibiya, ɗana ya shiga makarantar boko. Wata rana ina daka, waƙar ta zo mini baki. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Inna, ɗan wa ya mutu?"

Na zauna kan tabarma, taɓaryar na hannuna. Har yau ban san ko in gode wa Tanko ko in riƙe shi a zuciya ba. Kaka kuwa, ina jin ta gane tun ran da Baturen ya cire hula. Ta koya mana mutum ya tambaya da bakinsa, amma ba ta taɓa gaya mana yadda ake ɗaukar amsa ba. Ta zauna bakin wuta tana jin jikokinta suna tafa mutuwar ubansu, ba ta hana mu ba, don ranar da ta hana, ranar za mu zama marayu.