Mak Cik Sepiah da Rigar Fatalwa

Goggona Sepiah, wadda duk ƙauyenmu na bakin Kogin Perak ke kira Mak Cik, wato goggo a yarenmu, ta shekara arba'in tana wanki da guga, ba ta taɓa mayar wa kowa riga da tabo ba. Ba ta da gona, ba ta da ɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Sunan nan shi ne duk abin da ta mallaka, kuma tana riritarsa kamar ƙwai.

Wata shekara 'yan fim suka zo daga Kuala Lumpur, suka kama tsohon gidan katakon da ke bayan gonar ayaba. Sake yin wani fim na zamanin iyayenmu za su yi, labarin matar nan da ta rasu wajen haihuwa, ta dawo tana yawo da gashi har gadon baya. Wankinsu kuwa, wa za a ba in ba Goggo ba? Cikin ƙullin kayan aka yi kuskure aka haɗa da rigar fatalwar, wadda Nadhirah, yarinyar da ke kula da tufafinsu, ta yi mako uku tana tsufar da ita da gahawa da taɓo.

Goggo ta ɗaga rigar ta yi salati. Kwana biyu tana dambe da ita. Ta jiƙa, ta dirje, ta sa bula da sitati, ta ɗinke yagar da ke hammata, ta goge, ta kai musu a ninke fara ƙal. Ni na raka ta, ina ganin yadda take tafiya kamar wadda ta ci gasa.

Nadhirah na warware rigar sai ta zauna daɓas a kan matakala.

"Mak Cik, kin gama da ni."

"Ba sai kin yi godiya ba, 'yar nan."

"Da gangan muka ɓata ta. Rabin fim ɗin da ita aka ɗauka."

"Wace irin fatalwa ce ƙazama haka? Ta zamaninmu fes take fitowa."

"Daga kabari fa ta taso, Mak Cik."

"To ba sai an yi wa mutum wanka ake sa shi a kabarin ba?"

Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce in rigar ba ta koma yadda take kafin Alhamis ba, korar ta za a yi. Nan jikin Goggo ya yi sanyi, don bakinta ne kawai da kaifi. Ta ce a ba ta rigar, amma da sharaɗi: ko tsuntsun ƙauyen nan kada ya ji cewa Sepiah ta ɓata tufa da hannunta, kuma kada a kuskura a rubuta sunanta a fim.

Ta kulle ƙofar gida ta koma bayan ɗaki. Ashe wanda ya yaƙi tabo shi ya san mazauninsa. Ta tuna gahawar da ke kafaɗar hagu, ta tuna taɓon da ya hau yatsa huɗu daga ƙasan rigar. Ta warware ɗinkinta tana tsaki. Sannan ta ƙara nata: ruwan jikin itacen ayaba, tabon da ta sani sarai babu sabulun da ke iya masa. Na tausaya mata ƙwarai, don tana yi tana kawar da kai. Da aka gwada rigar da hotunan farko, daraktan ya ce wannan ta fi waccan ban tsoro.

Da fim ya fito, ƙauye ya ɗauki shatar bas zuwa birnin Ipoh bayan azahar. A sinima mata suka yi ta ƙanƙame juna. Goggo ko gezau, ita ƙasan rigar take dubawa.

A hanyar dawowa Hajiya Zabedah, wadda ba ta ganin abin kirki sai na birni, ta buɗe baki.

"Ni rigar nan ce ta tsinka mini zuciya. Kamar ka ji warin ƙasa. Wannan aikin sai ƙwararrun birni, mu nan ina muka ga wannan basira?"

Na saci kallon Goggo. Ta ciji leɓe, ta dubi taga. Ta daure har muka wuce gada. Hajiya ta ƙara da cewa wataƙila ma daga ƙasar waje aka ɗauko mai yin.

Sai Goggo ta juyo.

"Wane ɗan birni? Ni na ɓata ta, Zabedah. A bayan ɗakina, da hannun nan."

Aka kwashe da dariya a bas har direba. Goggo ta gyara mayafi, ta san abin da ta yi.

Har ta daina wanki ba a fasa kawo mata kaya ba. Sai dai duk wadda ta sauke ƙulli sai ta tambaya, "Mak Cik, wankewa za ki yi ko ɓatawa?" Takan watsa wa mutum harara, ta karɓi ƙullin. In ba ta ga ana kallon ta ba, sai ta yi murmushi.