Kitsen da Na Hana Ƙasa

Tun ina saurayi nake da tumbi. A gonarmu ta tattasai da ke bakin Komadugu, wajen Gaskeru, idan na sunkuya gyara kwarin ruwa sai tumbin ya riga hannuna isa ƙasa. Wata biyar kawai na yi a lakol, makarantar boko, aka sallamo ni, malamin ya ce benci ya fi ni fahimta. Saboda haka duk wanda ya ji cewa wani yanki na jikina ya shiga binciken masana, ya yi dariyarsa, ni ma na yi.

'Yata ta uku ita ce ta yi karatun da na kasa. Ta tafi babban birni, ta ƙetare, ta dawo tana aiki a labo, ɗakin binciken masana. Da na tambaye ta me take dubawa duk shekarun nan, sai ta ce kitse. Na ce da ta faɗa tun farko da na kai ta wurin abokina mahauci a kasuwar Diffa, ya koya mata cikin kwana bakwai.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar mai lallashin jaki. Ta ce a cikin kitsen mutum akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Idan an bi da su, wata ta zama ƙashi, wata guringuntsi, wata ta koma kitse. Kowace ƙwaya tana ɗauke da littafi guda na gadon iyaye, amma ba duk shafukan take karantawa ba. Aikin 'yata shi ne ta gano wane shafi ake karantawa, wane aka rufe. Na ce ashe jikina cike yake da masu karatu, ni kaɗai aka bari a baya. Ta ƙara da cewa galibin kitsen da ake dubawa na mutanen wasu ƙasashe ne, namu na nan ba a cika samunsa ba. Wannan maganar ta zauna mini.

Da ƙabar cibiya ta matsa mini, aka sa mini ranar tiyata a Diffa. Likitocin da suka zo yin aikin suna tare da mutanen labon 'yata. Wani likita, ba ita ba, ya karanta mini takarda: idan na yarda, a wurin da za a yanka za su ɗauki kitse kamar girman dabinon Maine guda, su sa a kwalba su daskarar. Idan ban yarda ba, aikin dai za a yi mini. Na ce su ɗauki buhu ma, akwai.

Kuskurena shi ne na yi alfahari da zancen a gaban yayana.

Yayana ya girme ni da shekara tara, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya zaɓa mini gefen gonar da zan noma, shi yake cewa yau za a tsinki tattasai, gobe za a shanya. Ban taɓa ce masa a'a ba. Nakan ce to, in zaga ta baya in yi abin da na ga dama. Haka muka tsufa.

A gidanmu, abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake ba wa. Mabiyiya, gashin aski, farce, duk binnewa ake. Ranar da bel ɗin injin ban ruwa ya cire mini kan ɗan yatsa, yayana ne ya bi cikin laka ya nemo shi, ya naɗe, ya binne a gindin tsamiya. Ban manta ba, kuma ban raina ba.

Da yayana ya ji zancen kitsen, ya ce ba za a kai naman ɗan'uwansa wata ƙasa cikin kwalba kamar yaji ba. Za a ba shi a hannu ya binne. Har ya je kantin wani Badamagare ya yanko farin ƙyalle, kamu ɗaya, ya ninke ya sa a aljihu.

'Yata ta same ni ta ce in bar maganar, ba ta son ta raba ni da baffanta saboda ɗan kitse, akwai wasu da suka yarda. Abokina mahauci kuwa ya kawo shawarar da ta yi kama da ni. Ya ce zai yanko mini kitsen tunkiya daidai girman dabino, a miƙa wa tsohon a bakin ɗakin tiyata, ya binne abinsa, kowa ya huta. Wallahi na yi dariya har cibiyar ta motsa. Da shekara goma baya ne, da ni zan zaɓi tunkiyar.

Amma na kwana biyu ina juya abin. Shekara sittin da wani abu ina zagawa ta bayan mutumin nan. Gona tasa ce, ranar tsinka tasa ce. Tumbin nan fa, ni na tara shi, loma bayan loma, babu wanda ya taya ni. Idan shi ma sai na yi ƙarya kafin in bayar, to me na mallaka?

Na same shi da hantsi a shanyar tattasai, yana juya jajaye da sanda.

“Yaya, kitsen nan zan bayar.”

“Ba za ka bayar ba.”

“Ranar da matarka ta haihu jini ya ƙare mata, leda biyu aka ɗiba a hannuna. Ban ga ka zo da ƙyalle ba.”

“Wancan ai rai aka ceta. Wa kitsenka zai ceta?”

“Ban sani ba. 'Yata ma ta ce ba ta sani ba tukuna, wataƙila jikan wani. Amma nawa ne, Yaya. Sauran duka na bar maka, ranar da na mutu ka binne, zai ishe ka aiki.”

Bai yi dariya ba. Ya ce tun ina yaro bakina ya fi kaina girma. Ya ce zai tambayi liman, na ce ya tambaya. Liman ya ce masa binnewa girmamawa ce, bayarwa don neman magani kuma malamai da yawa ba su hana ba, idan mai jikin ya yarda. Yayana ya riƙe rabin farko, ni na riƙe na biyu.

Ranar tiyata na dangwala babban yatsa a takardar. Da na farfaɗo, yayana yana zaune a bakin gado, ƙyallen a kan gwiwarsa. Ya tambayi likita abin da aka cire, likita ya ce mai shi ya riga ya ba da izini. Ya tashi, ya ajiye mini kwanon kunun da ya kawo, ya fita. Har aka gama ɗure tattasai a buhuna bai yi mini magana ba sai gaisuwa.

Bayan fiye da shekara 'yata ta zo da takarda guda. Babu rubutu sosai, sai ƙananan gidaje ja da kore a jere, kamar an hango shanya daga saman bishiya, nunannu da ɗanyu. Ta ce kowane layi daga sama zuwa ƙasa mutum ɗaya ne. Ja, shafin da ƙwayoyinsa suke karantawa da ƙarfi, kore, wanda suka yi shiru a kai. Na ce ta nuna mini nawa. Ta ce an cire sunaye an sa lamba, ita kanta ba ta sani ba, kuma haka dokar aikin take. Ta ce ba a sami magani ba, an dai ga abin da za a bi a sake dubawa.

Na kai wa yayana. Ya daɗe yana kallo, ya kife ta, ya sake juyowa.

“Wanne ne kai?”

Na ɗora guntun yatsana a kan layin da ya fi kowanne ja, na ce ga ni nan, wanda ya fi surutu.

Ya ce ƙarya nake, na ce ya kawo shaida. Ya sa hannu a aljihu ya ciro farin ƙyallen, har ya yi dauɗa a wurin ninki, ya jefa mini a cinya. Ya ce in ajiye, za a haɗa da likkafanina, tun da dai ba zan je cikakke ba.

Na naɗe takardar a ciki, tana cikin akwatina. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Bana ni na sa ranar tsinkar gefena na gona, na gaya masa a fuska. Na yi saurin kwana huɗu, rabin tattasan bai gama nuna ba.